Kwalliyar Zombi

Kwalliyar zombi reshe ce ta kwalliyar fim da wasan daɓe, inda ake sauya kamannin ɗan wasa har ya koma tamkar gawar da ta tashi tana tafiya. Kwalliyar amarya tana ɓoye tabo, ita kuwa wannan ƙirƙirar tabon take yi. Gwaninta sai ya san abin da ke samun jiki bayan rai ya fita: fata ta koɗe, jini ya kwanta a sassan da ke ƙasa, idanu su zurma, leɓe ya bushe ya janye har haƙora su bayyana.

Asalin kalmar

Kalmar ta fito ne daga al'adun mutanen Haiti, inda aka yi imani cewa boka na iya tayar da mamaci ya sa shi bauta. Masana da dama na danganta ta da kalmar nzambi ko zumbi ta harshen Kongo. Ba daidai take da fatalwa ba, domin fatalwa ba ta da gangar jiki, shi kuwa zombi jiki ne da babu hankali a cikinsa. Ya ɗan fi kusa da labarin wanda maye ya kama wa kurwa. A Najeriya kalmar ta bazu sosai ta hanyar waƙar Fela Kuti mai wannan suna, wadda ta fito a wajajen 1976 ko 1977.

Tarihi

Fim ɗin White Zombie na 1932 shi ake yawan ɗauka a matsayin dogon fim na farko a kan zombi. Kwalliyar lokacin ba ta wuce farar hoda da baƙi a kewayen ido ba. A 1968 George Romero ya fitar da Night of the Living Dead, wanda aka ɗauka a yankin Pittsburgh na Amurka da kuɗi kaɗan. Da kakin da masu gyaran gawa ke amfani da shi aka yi raunuka, jinin kuma ruwan cakulan ne, tunda fim ɗin baƙi da fari ne, ba mai gane bambanci.

Fim mai launi kuwa yana tona asirin wannan dabara. A Dawn of the Dead na 1978 Tom Savini ya shafa wa 'yan wasa launin toka, amma a majigi sai fuskoki da yawa suka fito shuɗaye. Savini ya yi aikin ɗaukar hoto a yaƙin Biyetnam, ya ga raunukan gaske da idonsa, kuma hakan ya nuna a aikinsa, musamman a Day of the Dead na 1985, wanda har yau yana cikin mafi kyawun ayyukan hannu a wannan fanni. A wurinsa ne Greg Nicotero ya fara koyo, Nicotero ne kuma daga baya ya jagoranci kwalliyar shirin The Walking Dead da aka fara a 2010. Tsakanin nan, a 1983, Rick Baker ya yi kwalliyar bidiyon Thriller na Michael Jackson, wanda ya kai siffar zombi gidajen da ba a kallon fim ɗin ban tsoro.

Kayan aiki

Hanya mafi sauƙi ita ce a shafa ruwan roba (latex, wato roba mai ruwa-ruwa da ke daskarewa in ta bushe) a fata, a ɗora takardar tishu ko auduga, a sake shafawa, in ya bushe a yage shi kamar fatar da ta saɓule. A babban aiki ana ɗaukar zubin fuskar ɗan wasa, a sassaƙa raunin da yumɓu, sannan a zuba shi da kumfar roba, jelatin ko silikon a manna. Jinin ƙarya ruwan sukari ne mai kauri da kalar abinci ja, a ɗiga shuɗi kaɗan don ya yi duhu. Ruwan roba na tayar wa wasu da ƙaiƙayi mai tsanani, don haka ana fara gwada shi a hannu, ba a kuma kai shi kusa da ido.

Yawancin darussan wannan sana'a an tsara su ne a kan farar fata. A baƙar fata, farar hoda zalla takan sa mutum ya yi kama da wanda ya faɗa buhun fulawa. Abin da ya fi dacewa shi ne launin toka-toka irin na fatar da hunturu ya busar, da shunayya mai duhu a gurbin ido da ƙasan kunci.

A Najeriya da Zariya

Ojuju na C. J. Obasi, wanda ya fito a 2014, yana cikin sanannun fina-finan zombi na Najeriya. Hakeem Onilogbo na cikin fitattun masu kwalliyar rauni a Nollywood. A fina-finan Hausa an fi ganin aljanu da fatalwa.

A Zariya tushen sauya kama ya girmi fim. Yaran da ke tashe da azumi sun saba da gemun auduga, da shafa gawayi ko alli. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wadda aka kafa a 1962, tana da sashen wasan kwaikwayo da dandalinsa na ginin ƙasa da aka yi a tsakiyar shekarun 1970, da kuma sashen zane da sassaƙa, fannonin da wannan sana'a ke tsaye a kansu. Auduga, zuma, hoda da kalar abinci duk ana samunsu a kasuwar Sabon Gari. Yanayi ne babban cikas: zafin bazara na narkar da jelatin, gumi na ɓamɓare abin da aka manna, zaƙin jinin ƙarya kuma na jawo ƙudaje.

Saɓani

Wasu na ganin kwaikwayon gawa ya saɓa wa mutuncin mamaci da addini ya koyar. Wasu na ɗaukarsa wasa ne kawai.