Gane nau'in zirga-zirgar data ta siffar fakiti

Wannan hanya ce da injiniyoyin netwok suke bi su gane wane irin abu ne yake wucewa a layinsu, bidiyo ne ko kiran murya ko saukar da fayil, ba tare da sun buɗe saƙon sun karanta ba. Duk abin da ka tura a intanet ana yanyanka shi ne ƙanana ƙanana, sunansu fakiti, to fakitocin da suka yi tarayya a abu biyar, adireshin IP na mai turawa da na mai karɓa, lambar ƙofa ta kowannensu (wato port, lambar da take nuna hidimar da saƙo zai shiga a cikin na'ura), sai ka'idar jigilar saƙo da aka hau, TCP ko UDP, su ake haɗawa a ce kwarara ɗaya ce.

Da can abin ba wahala, lambar ƙofa kawai ake dubawa, 80 shafin yanar gizo ne, 25 imel, 53 DNS mai nemo adireshin shafi daga sunansa, shikenan. Sai manhajojin musayar fayil irin BitTorrent suka zo suna canja ƙofa yadda suka ga dama, aka koma leƙa cikin fakitin, shi ma rufe saƙo da TLS, wato tsarin kulle saƙo yadda na tsakiya ba zai iya karantawa ba, ya kashe masa kasuwa, yanzu kusan komai ta ƙofa 443 yake bi.

To labarin zuciya a tambayi fuska. Kiran murya zaka ga fakitinsa ƙanana ne suna fita a jere kusan duk milisakan 20, kuma ɓangarorin biyu kai ɗaya suke, shi kuwa bidiyo sai ya kwararo manya manya masu kusan bayit 1500 ya tsaya ya huta ya sake kwararowa, abin da kake mayarwa ɗan kaɗan ne. Girman fakiti, tazarar lokaci tsakaninsu, tsawon kwararar, wa yafi turawa, su ake zuba wa na'ura ta koya. A 2005 Andrew Moore na Jami'ar Cambridge da Denis Zuev sun gwada da siffofi 248, dacewar hasashen na'urar ta tashi daga kusan kashi 65 zuwa sama da 95 bayan sun tace. Ƙididdigar kwarara kuwa NetFlow, wani tsari na kamfanin Cisco, ya daɗe yana tattara ta.

Amfaninsa a fili yake, a ba kiran murya hanya kar ya dinga yankewa, a kamo hari. Amma fa abin da yake damuna shine wannan dabarar dai ana iya hasashen shafin da mutum ya buɗe da ita ko da yana cikin VPN ko Tor, masu ɓoye inda mutum yake shiga, shi yasa wasu manhajoji suke cusa wa fakiti ciko don girmansa ya ɓad da kama.