Me ya sa babban kamfanin waya ba ya iya sayen abokin gasarsa yadda ya ga dama?

Mutane da yawa sun ɗauka in kamfani yana da kuɗi kuma mai kaya ya ce ya sallama to shi kenan ciniki ya faɗa. A harkar kamfanonin waya ba haka abin yake ba fa, musamman a Amurka. Akwai na uku a cinikin, gwamnati ce, in ta ce a'a to ko an riga an sa hannu a takarda sai an warware.

Tushen abin wata tsohuwar doka ce ta hana babakere da ake kira dokar Clayton, tun 1914 aka yi ta. Sashe na 7 cewa ya yi ba a yarda kamfani ya sayi wani ba in dai sayen zai iya rage gasa sosai ko ya kai ga mutum ɗaya ya mamaye kasuwa. Ku lura da wannan "zai iya" ɗin, nan ƙarfin dokar yake, ba sai an jira kuɗin kira da na data sun tashi mutane sun fara kuka ba, tun kafin a haɗe ake tare abin. A 1976 aka ƙara wata doka da ta ce duk babban ciniki irin wannan dole a sanar da hukuma tukuna a jira kwana 30, kuma in hukuma ba ta gamsu ba tana iya cewa a kawo mata takardun cikin gida har da imel ɗin da manajoji suka rubuta wa juna. Manaja ya rubuta wa abokin aikinsa cewa in mun saye su mun huta da rage farashi, wannan layi ɗaya ya isa ya zama hujja a kotu.

Kamfanin waya kuma yana da ƙarin wata ƙofa da sauran kamfanoni ba su da ita. Hanyar iskar da kira da data suke bi ba mallakinsa ba ce, lasisi aka ba shi, don haka sai hukumar sadarwa ta FCC ta yarda cewa mayar da lasisin hannun wani zai amfani jama'a.

A Maris 2011 AT&T ya sanar zai sayi T-Mobile na Amurka kan dala biliyan 39. Lokacin manyan kamfanoni huɗu ne suke da sabis a faɗin ƙasar, Verizon, AT&T, Sprint da T-Mobile, kenan za su koma uku. Ma'aikatar shari'a ta shigar da ƙara a watan Agusta, hujjarta ita ce T-Mobile duk da shi ne ƙarami shi ne mai karya farashi, shi ke hana manyan sakewa, in ya ɓace ko wanda bai taɓa riƙe layinsa ba sai ya ji a aljihunsa. Kafin shekara ta ƙare AT&T ya janye, kuma bai fita salin alin ba, sai da ya biya Deutsche Telekom mai T-Mobile dala biliyan 3 lakadan ya ƙara masa da wasu lasisin iska, saboda haka yarjejeniyarsu ta tanada in ciniki ya watse. A 2013 T-Mobile ɗin nan da aka so haɗiyewa ya daina ɗaure kwastoma da kwantiragin shekara biyu, manyan ma daga baya dole suka bi sahu. Ni a wajena wannan kaɗai ya nuna amfanin dokar.

Amma gaskiya su ma kamfanonin suna da abin faɗa. Kafa turakun sabis da shimfiɗa waya a ƙasa da sayen lasisi kuɗi ne masu ban tsoro, kuma ko mutum dubu ne a kan turke ko dubu goma kusan kuɗin kula da shi ɗaya ne, shi ya sa kowane shugaban kamfani yake neman girma. Da wannan hujja T-Mobile ya haɗe da Sprint a 2020, suka ce ta haka ne kawai za su iya gina 5G su kara da manyan biyu. Wasu jihohi sun kai ƙara kotu ba su yi nasara ba. Gwamnati ta yarda amma da sharaɗi, a sayar wa Dish, wani kamfanin talabijin na tauraron ɗan adam, da layin Boost Mobile na Sprint don ya tashi ya zama na huɗu.

Nan ne abin yake damuna, don kafa na huɗu a takarda daban, ya tsaya da ƙafarsa a kasuwa daban. Dish ya kafa turaku ya kashe kuɗi amma kwastomomi ba su taru ba, a Agusta 2025 uwar kamfanin Dish ɗin, wato EchoStar, ta sanar za ta sayar da wani babban kaso na lasisinta na iska kan kusan dala biliyan 23, mai sayen kuwa AT&T ne.