Babur yana juyawa amma ya ƙi tashi: daga ina za a fara?

Tun da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013, babur ya koma abin hawan mai shi: malamin makaranta, ɗan kasuwar Kwari, ɗalibin BUK. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma ya ƙaro waɗanda suka jingine mota suka sayi roba-roba ko Boxer, da yawansu ba su taɓa riƙe sifana ba. Ga tambayoyin da suka fi yi idan mashin ya yi musu gardama da sassafe.

Tambaya: Ina danna sitata inji yana juyawa, na yi kiki har na haɗa gumi, amma ya ƙi kamawa. Batir ne?

Amsa: Da wuya. Muddin sitata tana juya inji da ƙarfinta yadda ta saba, batir ya sauke nauyinsa. Batir da ya yi sanyi alamarsa daban ce: ka danna ka ji ƙas-ƙas kawai, ko inji ya juya a kasalance, hon ya shaƙe. Ƙananan baburan da suka cika gari ma da yawansu daga maganeto, wato abin da ke samar da wuta idan inji yana juyawa, suke samun wutar filogi, shi ya sa suke tashi da kiki ko babu batir. Akwai dai waɗanda CDI ɗinsu, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar filogi, daga batir yake ci, su kam fiyus ɗaya in ya ƙone sai wuta ta ɗauke.

Abu uku inji yake so kafin ya tashi: fetur gauraye da iska, tartsatsin wuta a filogi, da matsi a cikin silinda. Aikinka ka gano wanne ne babu. Kafin nan ka tausaya wa sitata, kada dannawa ɗaya ta wuce daƙiƙa 5, ka huta kamar 10 sannan ka sake. In ba haka ba, matsala ɗaya za ta zama biyu.

Tambaya: Akwai abin da zan duba kafin in kwance komai?

Amsa: Akwai, kuma mutane kunyar dubawa suke ji. In babur ɗinka yana da jan maɓallin kashe inji a hannun dama, duba shi, yaran gida ba sa barinsa. Duba makunnin mai: a buɗe yake? In mai ya yi ƙasa, juya shi zuwa rizab. Kada ka yarda da allurar mai, buɗe tanki ka girgiza ka gani da idonka. In kana buɗe murfin ka ji ya ja iska, to ƙaramar hudar numfashinsa ce ta toshe, mai ba zai sauka yadda ya kamata ba. Wasu sababbin babura kuma ba sa ba da wuta in jak yana ƙasa alhali suna cikin giya, don haka sa shi a firi.

Tambaya: Duk wannan lafiya lau. Sai me?

Amsa: Sai filogi. In da abu ɗaya za ka koya a gyaran babur, wannan ne, domin filogi ne kaɗai yake zaune a cikin ɗakin da abin ke faruwa, kuma yana fitowa da labari a bakinsa. Sifanarsa tana cikin kayan da ke zuwa da babur. Yi kiki uku ko huɗu, sannan ka kwance shi ka duba.

Ya fito a jiƙe yana warin fetur? Mai yana zuwa ke nan, ko dai wuta ce babu ko man ya yi yawa. Ya fito a bushe ƙayau bayan duk kikin nan? Mai ba ya isowa. Baƙin toka mai laushi kamar na gindin tukunya yana nuna inji ya daɗe yana shan mai fiye da iska. Baƙi mai maiƙo kuwa baƙin mai ne yake haurowa daga ƙasa, wannan maganar ring ce, wato zoben da ke jikin fistin, za mu zo kanta. Lafiyayyen filogi bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne.

Yanzu gwada wutar. Mayar da filogin cikin hularsa, jingina ƙarfensa da jikin inji, nesa kaɗan da ramin da ka ciro shi saboda tururin fetur, riƙe ta robar, kunna makulli, yi kiki. Ka yi a inuwa, ranar Kano ba za ta bari ka ga komai ba. Wuta shuɗiya mai ɗan ƙara tas-tas ita ake nema. Ja ko ruwan ɗorawa mai rauni tana iya bayyana a waje, amma a cikin matsin silinda ta kasa. Ratar bakin filogi a yawancin ƙananan baburan nan tsakanin milimita 0.6 ne da 0.7. A ganina duk mai babur ya ajiye sabon filogi ɗaya a akwatin gefe, shi ne gwaji mafi arha da za ka taɓa yi.

Tambaya: Na sa sabon filogi, har yanzu babu wuta.

Amsa: Bi wayar a hankali, daga filogi ka koma baya. Cire hular daga wayar, kusantar da bakin wayar da jikin inji, yi kiki. In wuta ta fito, hular ce ta lalace, kuɗinta kaɗan ne. In babu, saura kwail (mai ƙara wa wutar filogi ƙarfi), CDI, wayoyin maganeto da makulli kansa. Sau da yawa ba ɗayansu ne ya mutu ba, soket ne ya yi tsatsa ko wayar da ke ɗaure da jikin babur ta saki. Ka tuna kuma ko an taɓa sa maka ɓoyayyen maɓalli ko na'urar hana sata, haɗin da aka naɗe da salatif ba ya daɗewa. Daga nan aikin mai rewaya ne, mai mita a hannu.

Tambaya: Filogi a bushe yake, alhali tanki da mai.

Amsa: Cire tiyon da ke shiga kafireta, buɗe makunnin mai, ka tara kwalba. Ya kamata ya zubo sosai, ba ɗigo ba. (A wasu roba-roba sai inji yana juyawa yake sakowa, don haka yi kiki kana kallo.) In bai zo ba, matatar mai ce ko makunnin ya cushe. In ya zo, sassauta ƙaramin sukurun da ke ƙasan kafireta, ka tari abin da ya fito a farar kwalba. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa, tsatsa da yashi ma haka.

Nan ne maganar inda kake shan mai take shigowa. Ba kowane ɗan bumburutu ne yake algus ba, amma jarkar da ta yini a bakin titi da mazurarin da ba a tacewa sun isa su cika kafireta da datti. Gidan mai ma ba tabbas ba ne: a watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol cikin ƙasar nan, ababen hawa da dama suka lalace. Ramin da ke ba inji mai lokacin tashi siriri ne ƙwarai, ƙwayar yashi ɗaya ta ishe shi. Babur da aka ajiye wata da watanni da mai a ciki kuwa, man kan bushe ya bar danƙo a wannan ramin. A wanke kafireta a hura mata iska, kada a yarda a soka mata waya mai kauri.

Tambaya: Nawa a jiƙe yake, wuta kuma tana nan.

Amsa: Ya sha mai ya ƙoshi. Goge filogin ya bushe, mayar da cok (abin da ake ja don rage iska lokacin tayar da inji da sanyi), rufe makunnin mai, murɗe totur har ƙarshe ka riƙe, yi kiki da yawa don iska ta share silinda. In kullum haka yake yi, ko kana ganin mai yana ɗiga ƙarƙashin kafireta, allurar da ke tsayar da mai a cikinta ta daina rufewa. Duba soson iska ma, ƙurar hunturu tana toshe shi.

Tambaya: Me ya sa sai da sanyin safiya yake min haka?

Amsa: Fetur ba ya saurin zama tururi cikin sanyi, a Disamba da Janairu ke nan aikin cok yake fitowa. Ja shi, kada ka taɓa totur, yi kiki, in ya ɗan ɗumama ka mayar. Amma in ko da cok sai an sha wuya kowace safiya, a auna ratar bawul. Ta kan tsuke da tafiya, bawul ya daina rufewa ruf. A injinan roba-roba ratar wajen milimita 0.05 ce, kuma da inji a sanyaye ake aunawa, da ma'auni, ba da kunne ba.

Tambaya: Na ratsa ruwa bayan mamakon Agusta, ya mutu a tsakiya.

Amsa: Kada ka yi kiki a wurin. In ruwa ya shiga silinda ba ya matsuwa, ƙarfin ƙafarka zai iya lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da fistin. Tura shi tudu, cire filogi, sannan ka yi kiki ruwan ya fito ta ramin. Matse soson iska, zubar da abin da ke cikin kafireta, busar da hular filogi. Duba baƙin mai: in ya koma fari-fari, juye shi kafin ka tayar.

Tambaya: Mai akwai, wuta akwai, ya ƙi. Inji ya tafi ke nan?

Amsa: Ƙafarka za ta gaya maka. Kiki da ya saba yin tauri in ya zama yana zurmawa ba turjiya, matsi ya gudu. Cire filogin ka zare shi daga hular, toshe ramin da babban yatsa, wani ya yi kiki: ya kamata iska ta ture yatsan. In ba ta ture ba, zuba baƙin mai kamar rabin ƙaramin cokali a ramin ka sake. Ya ƙaru? Ring ne suka cinye. Bai ƙaru ba? Bawul ne ko gasket, ko sarƙar taimin ta yi tsalle. Gyaran ratar bawul aikin 'yan mintuna ne, don haka a fara da shi kafin a yi maganar sauke inji.

Tambaya: Bakanike ya ce in je Kofar Ruwa in sayo CDI. In saya?

Amsa: Ka tambaye shi cikin girmamawa: "Oga, da me ka gwada?" Bakanike na gari yana da CDI da kwail na gwaji a akwatinsa, zai jona ka gani da idonka kafin ka kashe sisi. In ya tabbata, tafi da tsohon a hannu. Akwai mai cin wutar maganeto, akwai mai cin ta batir, soket ɗinsu kan yi kama amma ba sa maye gurbin juna, kuma masu shago ba su cika karɓar kayan wuta ba in an riga an jona.