Jami'ar Legas: Asalin Ɗalibanta da Kamannin Yankinta

Jami'ar Legas, wadda aka fi sani da UNILAG, jami'ar gwamnatin tarayya ce da aka kafa a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ife. Babban mazauninta yana Akoka a yankin Yaba, a bakin ruwan Legas, kwalejin koyon aikin likita kuma tana Idi-Araba. Jami'o'in Zariya da Ife da Nsukka gwamnatocin yankuna ne suka kafa su domin mutanensu. Ita kuwa ta Legas an gina ta ne a babban birnin tarayya na wancan lokaci, da nufin ta zama ta kowa.

Wannan niyya ta gamu da cikas tun da wuri. Shugabanta na farko, Farfesa Eni Njoku, ɗan ƙabilar Ibo ne. Da wa'adinsa ya ƙare a 1965 aka naɗa Farfesa Saburi Biobaku, Bayarabe, sai rikici ya ɓarke, malamai da ɗalibai suka rabu gida biyu, har aka rufe jami'ar na wani lokaci. Yau kowannensu yana da gidan kwanan ɗalibai mai sunansa. Sunayen gidajen nan ma shaida ne na burin haɗa kan ƙasa: akwai Moremi da Fagunwa na ƙasar Yarbawa, akwai Jaja na Opobo, ga kuma Sarauniya Amina da El-Kanemi da Makaman Bida daga Arewa.

Ɗaukar ɗalibai kuwa yana bin ƙa'idar jami'o'in tarayya, ta hannun JAMB, hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu da aka kafa a 1978. Kashi 45 cikin ɗari na guraben ana bayarwa ne bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewayen jami'a, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ɗauka an bar su a baya a ilimin boko, waɗanda akasarinsu na Arewa ne. Kewayen UNILAG shi ne Legas, Ogun, Oyo, Osun, Ondo da Ekiti. Ga wannan kaso, ga yawan masu nema daga waɗannan jihohi, shi ya sa Yarbawa suka fi yawa a harabar. 'Yan Kudu maso Gabas da Kudu maso Kudu ma suna da yawa, da dama daga cikinsu haifaffun Legas ne. Turanci ne harshen aji, amma a tashar mota da wurin masu abinci Yarbanci da Turancin Buroka aka fi ji.

Matsayin Hausawan Legas a wannan tsari abin lura ne. Yaron da aka haifa a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, wanda kakansa ya zo fataucin goro ko shanu, yana iya jin Yarbanci kamar Hausa, amma takardar shaidar asali galibi jihar mahaifinsa take nunawa, Kano ko Katsina ko Sakkwato. A takarda ɗan Arewa ne, a zahiri ɗan unguwa. Iyaye da yawa kuma sun fi son tura 'ya'yansu Zariya ko Jami'ar Bayero, saboda dangi da sauƙin rayuwa, ganin tsadar haya a Akoka da Bariga da ƙarancin gadaje a gidajen kwana. Waɗanda suka zauna sukan haɗu a masallacin jami'a da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda a Legas aka kafa ta a 1954, inda Musulmin Yarbawa ke da rinjaye.

Ɗaliban jami'ar suna kiran kansu "Akokite", kuma suna kishin sunanta ƙwarai. A ranar 29 ga Mayu 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da mayar da ita Jami'ar Moshood Abiola. Duk da cewa Abiola Bayarabe ne ɗan Abeokuta, ɗalibai suka fito zanga-zanga, tsofaffin ɗalibai suka garzaya kotu, sunan bai sauya ba. Jihar Legas kuma tana da tata jami'ar daban, LASU da ke Ojo, wadda gwamnatin Lateef Jakande ta kafa a 1983, kuma a can ne ake fifita 'yan asalin Legas wajen ba da gurbi.