Kangon Fadar Kenilworth: Tambayoyi da Amsoshi

A ina wannan fada take, kuma wa ya gina ta?

Tana gundumar Warwickshire a tsakiyar Ingila. Geoffrey de Clinton, ma'ajin Sarki Henry na Ɗaya, shi ne ya aza harsashinta a shekarun 1120, inda ya ɗaga ƙatuwar hasumiya mai kusurwa huɗu da jan dutsen yankin.

Me ya sa ta gagari mayaƙa?

Ruwa ne ya tsare ta fiye da ganuwa. An datse rafukan da ke kusa, Sarki John kuma ya ƙara tsayin madatsar, har wani makeken tafki ya kare fadar ta yamma da kudu. A 1266 Sarki Henry na Uku ya yi wa magoya bayan Simon de Montfort, jagoran manyan ƙasar da suka yi masa tawaye, ƙawanya a cikinta kusan wata shida, har kwale-kwale aka kawo daga garin Chester, amma abin ya faskara. Yunwa da cuta ne suka fito da su.

Yaushe ta tashi daga sansanin yaƙi ta zama gidan alfarma?

A ganina, amsar tana jikin tagoginta. A shekarun 1370 John na Gaunt, ɗan Sarki Edward na Uku, ya gina babban zaure mai dogayen tagogi da wurin zama a gindinsu, abin da mai tsoron kibiya ba zai taɓa yi ba. Yau rufin ya tafi, daɓen ma ya rufta, saboda haka mai ziyara yakan tsaya a ɗakin ajiya na ƙasa ya ɗaga kai ya hango murhun jin ɗumi maƙale a bango, can sama inda manya suke zama a da. Daga baya Robert Dudley, wanda aka ba fadar a 1563, ya ƙara bene domin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, wadda ta sauka a nan kwana 19 a 1575, kuma hatta tsohuwar hasumiyar sai da ya faɗaɗa mata tagogi.

To, me ya mayar da ita kango?

Da gangan aka karya ta, kuma wannan abin takaici ne. Bayan yaƙin basasar Ingila, Majalisa ta ba da umarni a 1649 a lalata ta don kada wani ya sake fakewa a ciki, aka rushe bangon arewa na hasumiyar, aka fasa madatsar, tafkin ya tsiyaye ya zama makiyaya. Hukumar English Heritage, mai adana wuraren tarihi na Ingila, ce ke kula da wurin tun 1984.