Kasafin kuɗin ƙaramar hukuma: yadda ake tsara shi da inda mutanen unguwa za su sa baki

Duk shekara idan damina ta kankama, kwalbati ya toshe, ruwa ya shiga gidaje, sai ka ga dattawan unguwa sun yi ayari sun nufi sakateriya. Amsar da suke dawowa da ita kusan ɗaya ce: babu aikin a kasafin bana. Su dawo rai a ɓace, a ganinsu an yi musu wasa da hankali. Sau da yawa kuwa gaskiya aka faɗa musu. A ƙa'ida ciyaman ba shi da ikon kashe ko sisi a kan aikin da ba a rubuta a kasafi ba, kasafin kuma tun ƙarshen bara aka rufe shi. Lokacin da ya kamata a je shi ne lokacin da ake rubutawa, kuma wannan ne abin da ba a cika gaya wa mutane ba.

Nijeriya na da ƙananan hukumomi 774, har da shida na Abuja. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce zaɓaɓɓun shugabanni ne za su riƙe su, amma ya bar wa majalisar dokokin kowace jiha ta yi dokar tsarinsu da harkar kuɗinsu. Shi ya sa hanyar Kano mai ƙananan hukumomi 44 ba za ta zo daidai da ta Kaduna mai 23 ba. Jadawali na huɗu na kundin shi ya lissafa ayyukansu: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabarta, magudanan ruwa, hanyoyin cikin gari da fitilunsu, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sai kuma haɗa hannu da jiha a makarantun firamare, kiwon lafiya da aikin gona. Sanin wannan jerin yana da amfani, don kada a ɓata ƙarfi ana roƙon ciyaman babbar hanyar da ta gwamnatin tarayya ce.

Mafi yawan kuɗin daga Abuja suke zuwa. Kowane wata kwamitin rabon kuɗin tarayya, FAAC, yana zama ya raba abin da ya shigo asusun ƙasa: tarayya kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Daga harajin VAT kuma, wato wanda ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, suna da kashi 35. Abin da suke tarawa da kansu, irin kuɗin rumfar kasuwa da na tasha, a yawancin yankunan karkara bai taka kara ya karya ba. Shekara da shekaru kason nan yana biyowa ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 ya tanada, kuma a nan ne gwamnoni suka samu wuƙa da nama. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a hukuncin da Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. Aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya, amma ya ba talaka hujjar da ba shi da ita a da.

Shekarar kasafi tana farawa 1 ga Janairu, ta ƙare 31 ga Disamba. Aikin tsara na baɗi yakan fara ne a rabi na biyu na shekara, lokacin da ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha ta aiko takardar umarni mai ɗauke da hasashen kuɗin shiga da iyakar abin da za a kashe. Daga nan kowane sashe, wato ayyuka, lafiya, ilimi da walwala, aikin gona, mulki da baitulmali, zai rubuto buƙatunsa. Ma'aji da jami'in tsare-tsare su haɗa su wuri ɗaya, ciyaman da muƙarrabansa su zauna su yi ragi da ƙari. Sannan a miƙa daftarin ga majalisar kansiloli ta yi muhawara ta amince, ciyaman ya sa hannu. A jihohi da dama sai an je ma'aikatar ƙananan hukumomi an kare kasafin, a wasu kuma, kamar Kano da Jigawa, majalisar dokokin jiha tana da hannu wajen amincewa da shi.

Idan kasafin ya zo hannunka, kada jimillar da ke shafin farko ta ruɗe ka. Kashi biyu ne. Na farko na hidimar yau da kullum: albashin ma'aikata da malaman firamare da na asibiti, fansho, man mota, kason masarautu. Wannan shi ke lashe mafi tsoka. Na biyu na manyan ayyuka, kuma a nan kwalbatinku yake ko ba ya nan. Abin dubawa shi ne yadda aka rubuta layin. Akwai bambanci tsakanin "gina rijiyoyin burtsatse a faɗin ƙaramar hukuma" da layin da ya ambaci sunan ƙauye, yawan rijiyoyi da kuɗinsu. Na farko ba wanda zai iya binsa, domin duk inda ka je za a ce a wani gari aka yi. A ganina duk ƙungiyar da ta samu aka rubuta sunan garinta a layin kasafi ta yi rabin aiki.

To ta ina ake shiga? Ƙofar farko kansila ne. Mun mayar da shi mai raba kuɗin suna da na magani, alhali aikinsa na doka shi ne ya kai buƙatun mazaɓarsa cikin kasafi, ya kuma kaɗa ƙuri'a a kansa. Tun wajen watan Agusta ya kamata mai unguwa, liman, shugabannin matasa, kwamitin makaranta da na asibitin mazaɓa su zauna. A nemi ra'ayin mata da gaske, ko da a zama na daban ne, don su suka san nisan rijiya da halin da ɗakin haihuwa yake ciki. A fitar da buƙata biyu ko uku, a jera su bisa muhimmanci. Takarda mai buƙata ashirin kyauta ce ga jami'i, zai zaɓi mafi arha ya ce ya saurare ku. A rubuta, a sa hannu, a kai wa kansila, ciyaman da sashen tsare-tsare, a kuma karɓo kwafi mai hatimi da kwanan wata. Jihar Kaduna ta mayar da irin wannan tsari na hukuma, inda al'ummomi ke rubuta buƙatunsu a takardar yarjejeniyar ci gaban al'umma kafin a tsara kasafi. Inda babu wannan tsari, babu dokar da ta hana mutane yin nasu.

Ranar da za a gabatar da kasafi a zauren kansiloli, a samu wakilai su je su zauna. Kansilan da ya ga mutanen mazaɓarsa a bayansa ba zai yi shiru a tsallake layinsu ba.

Amincewa da kasafi ba ya nufin kuɗi sun fita. Aiki yana iya zama a takarda shekara uku ana maimaita shi, ko a karkatar da kuɗinsa ta ƙwarya-ƙwaryar kasafi a tsakiyar shekara. A nan Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 take aiki. Kowane ɗan ƙasa yana iya rubutawa ya nemi kwafin kasafi, sunan ɗan kwangila da abin da aka biya shi, ba sai ya faɗi dalili ba, hukuma kuma tana da kwana bakwai ta amsa. Jihohi sun daɗe suna cewa dokar ba ta shafe su ba, sai a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau kan kowane matakin gwamnati. Kason da kowace ƙaramar hukuma ta samu a wata yana fitowa a rahoton Ofishin Akanta Janar na Tarayya da na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ana iya dubawa a waya. Kowace jiha kuma tana da babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi, wanda rahotonsa ke zuwa majalisar dokoki. Idan an biya kuɗi ba a ga aiki ba, a ɗauki hoton wurin, a haɗa da layin kasafin da kwafin takardar da aka kai tun farko, a miƙa wa majalisar dokokin ko hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci.