Nau'o'in Kati a Wasan Yu-Gi-Oh!

Yu-Gi-Oh! wasan kati ne na mutum biyu, inda kowa ke zuwa da tarin katin da ya haɗa da kansa, ya fito da dodanni su gwabza da na abokin karawarsa. Ya samo asali daga labarin zane na Kazuki Takahashi da ya fara fitowa a Japan a 1996. Kamfanin Konami ya fitar da wasan a 1999, ya isa Amurka a 2002, kuma a 2009 kundin bajinta na Guinness ya tabbatar cewa an sayar da katinsa sama da biliyan 22. Ana samunsa ta hanya biyu: ko katin takarda, ko manhajojin waya irin su Duel Links da Master Duel, wadda ta fito a 2022.

Wanda ya saba da Whot ya san cewa kati kaɗan ne ke ɗauke da umarni na musamman, saura lamba ce da siffa. A nan kusan kowane kati da dokarsa a rubuce a jikinsa, nau'insa kuma shi ke faɗin lokacin da za a iya buga shi da inda zai fito. Manyan nau'o'in uku ne: dodo, sihiri da tarko. Launin gefen kati ke bambanta su tun kafin a karanta komai.

Kowane ɗan wasa yana farawa da makin rai 8000 da kati biyar a hannu. Babban tarinsa kati 40 zuwa 60 ne, akwai kuma tarin ƙari da bai wuce 15 ba. Ba a sa kati iri ɗaya fiye da uku.

Katin dodo

A jikinsa akwai taurari masu nuna matakinsa daga 1 zuwa 12, da lambar ƙarfin hari, da ta kariya, da jinsinsa, kamar maciji mai fukafukai ko jarumi ko inji. Akwai kuma alamar ɗabi'arsa a kusurwar sama: duhu, haske, ƙasa, ruwa, wuta, iska, da wata ta bakwai da aka keɓe wa 'yan katuna ƙalilan. Sau ɗaya ake kiran dodo ta hanyar yau da kullum a kowane zagaye. Mai tauraro huɗu zuwa ƙasa kai tsaye yake shiga fili. Mai biyar ko shida sai an sadaukar da dodo ɗaya, mai bakwai zuwa sama kuma biyu.

Mai gefe rawaya shi ne dodo na gama-gari: ba shi da wani tasiri, sai ɗan bayanin labari. Blue-Eyes White Dragon mai hari 3000 da Dark Magician mai 2500 duk a nan suke, kuma su ne sabon shiga ya fi so. Amma mai ruwan goro, wato dodo mai tasiri, shi ke riƙe da wasan a yau. Wani yana jawo kati daga tari, wani yana lalata na abokin hamayya, wani kuma daga hannu ake jefar da shi don katse shirin ɗayan, kamar Ash Blossom & Joyous Spring, wadda harinta sifili ne amma ta fi manyan dodanni da yawa amfani. Wanda ya tsaya kallon lambar hari kaɗai zai sha kashi a hannun wanda ya karanta ƙananan rubutun. Mai shuɗi mai haske kuwa dodon Ritual ne, yana zama a babban tari, yawanci sai da katin sihirinsa yake fitowa.

Dodannin tarin ƙari

Nan ne wasan ya fi zurfi, kuma nan aka fi ruɗewa. Waɗannan ba a jawo su zuwa hannu. Suna jiran a cika sharaɗinsu ne, sai su fito.

Fusion, mai launin shunayya, shi ne mafi daɗewa. Ana haɗa dodannin da aka ambata a jikinsa, galibi da katin Polymerization. Blue-Eyes uku ke ba da Blue-Eyes Ultimate Dragon mai hari 4500. Synchro, fari, ya zo a 2008 da lissafi: dodo mai alamar Tuner da wani ko wasu, jimillar taurarinsu ta yi daidai da na wanda ake son kira. Uku da biyar su ba da takwas, ba ƙari ba ragi. Xyz, baƙi, ya biyo baya a 2011. Ana ɗora dodanni masu mataki ɗaya a kan juna, sabon ya hau samansu, yawanci idan zai yi amfani da tasirinsa sai a zare ɗaya ko fiye daga ƙarƙashi. Taurarinsa a hagu suke, daraja ce ba mataki ba, don haka dokar da ta shafi mataki ba ta taɓa shi.

Link, mai shuɗi mai duhu, ya zo a 2017. Ba shi da mataki, ba shi da lambar kariya, ba ya kwanciya a matsayin tsaro. Jajayen kibiyoyi ne kewaye da hotonsa suna nuna gurabun fili, inda ya zauna kuwa yana da muhimmanci ƙwarai.

Pendulum na 2014 daban yake: rabinsa dodo, rabinsa sihiri, ƙasansa kore. Idan aka ajiye biyu, ɗaya a kowane gefen fili, ɗaya mai lambar ma'auni 1 ɗaya mai 8, ana iya kiran dodanni masu mataki 2 zuwa 7 a lokaci guda. In an lalata shi a fili, tarin ƙari yake komawa a buɗe, ba maƙabarta ba, wato inda ake ajiye katin da aka lalata ko aka gama amfani da shi.

Sihiri da tarko

Katin sihiri kore ne, ana buga shi daga hannu a zagayen mai shi. Ƙaramar alama kusa da sunan nau'insa ke nuna irinsa. Marar alama aiki ɗaya yake yi ya tafi maƙabarta, kamar Raigeki da ke share dodannin abokin hamayya. Akwai mai zama a fili, da wanda ake ɗaura wa dodo, da na fili mai gurbinsa daban, da na Ritual. Mai alamar walƙiya ya fi sauri: idan an kife shi tun farko, ana iya buɗe shi a zagayen abokin hamayya.

Tarko ruwan hoda ne mai duhu. Ƙa'idarsa ita ce a kife shi, kuma ba a buɗe shi a zagayen da aka kife shi. Mirror Force misali ne sananne: abokin hamayya na kawo hari, sai duk dodanninsa da ke tsaye a matsayin hari su lalace. Iri uku ne: na yau da kullum, mai zama, da mai mayar da martani.

Abin da ya haɗa su duka shi ne sauri. Sihiri na gama-gari da yawancin tasirin dodanni suna hawa na 1. Tarko da sihirin walƙiya suna na 2, tarkon martani irin Solemn Judgment yana na 3, ba mai amsa masa sai irinsa. Idan kati ya amsa kati aka yi sarƙa, daga na ƙarshe ake fara warwarewa a dawo na farko. Mafi yawan gardamar da ke tashi tsakanin abokai a nan take, kuma sanin hawan kowane kati ke raba ta.

Konami na fitar da jerin katunan da aka haramta ko aka taƙaita lokaci zuwa lokaci. Pot of Greed, sihirin da ba ya komai sai jawo kati biyu, ya daɗe a haramce a gasa, domin ba shi da sharaɗi ko kaɗan. Mai sayen katin takarda a kasuwa kuma ya lura da jabu: yawancin na asali suna da ɗan tambari mai ƙyalli a kusurwar ƙasa ta dama da lamba mai alƙaluma takwas a ta hagu, jabu kuwa sau da yawa launin gefensa ya kauce, rubutunsa da kurakurai, kuma ba a karɓarsa a gasa.